Kwaɗo a Cikin Filen: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalin Sunayen Sassan Kayan Aikin Kafinta

Duk wanda ya koyi aikin kafinta daga littattafan makarantun fasaha, ko ya taɓa shiga intanet neman wani ɗan ƙarfe da ya karye a filen ɗinsa, wato abin aske fuskar katako ta yi sumul, ya san cewa Turawan Ingila da na Amurka suna kiran sassan kayan aikin hannu da sunaye masu ɗaure kai. A cikin filen akwai kwaɗo, a jikin cizal, ƙarfen sassaƙa mai kaifi a baki, akwai matashin kai, a kan tebur akwai kare, kuma akwai wani ƙaramin filen da ake kira haƙorin tsohuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyon sana'ar suka fi maimaitawa. Da yake sunayen ne abin tattaunawa, an bar su yadda masu su suke rubuta su, aka bi kowanne da ma'anarsa.

Daga ina waɗannan sunaye suka fito tun asali?

Wasu aro ne daga jikin mutum ko na dabba, domin mai sana'ar da ke koya wa yaronsa aiki ba shi da lokacin ƙirƙirar sabuwar kalma, sai ya nuna wurin da yatsa ya ce baki, ko kumatu, ko diddige. Wasu tsofaffin kalmomin Ingilishi ne da suka mutu a bakin jama'a amma suka ci gaba da rayuwa a shagon kafinta, inda harshe ba ya saurin sauyawa. Wasu kuma sunayen mutane ne ko na garuruwa.

Kaso mafi ruɗarwa kuwa shi ne na kalmomin Faransanci. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na masu ba da aikin manyan gine-gine na kusan shekara 300, kuma ko bayan nan Ingila ba ta daina aron kalmomin sana'a daga Faransa ba. Bakin mutanen Ingila ya tauna kalmomin har suka yi kama da wasu na gida waɗanda ba su haɗa komai da su ba, shi ya sa mutum zai ji suna ya ɗauka ya gane ma'anarsa alhali ya yi nisa da ita. Amsoshin da suka shafi zoben ƙotar cizal da filen mai suna kamar na zomo misalai ne na wannan.

Kalmomin kafinta da filen su ma suna da irin wannan tarihi?

Suna da shi. Kafinta aro ce daga *carpenter*, wadda ta bi ta Faransancin Normawa daga Latin *carpentarius*, mai ƙera keken doki, domin *carpentum* sunan wani keke ne mai ƙafa biyu da Rumawa suka ara, da shi da sunansa, daga mutanen Gol, wato Faransa ta yanzu. Ke nan sunan da muke kiran mai yin ƙofa da gado da shi ya fara ne a kan mai yin amalanke. Filen kuwa daga *plane* take, mai saiwa a Latin *planus*, abin da ya shimfiɗu babu tudu babu kwari.

Wane ne ya fara rubuta sunayen, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Sunan da zai yi ta dawowa a wannan shafi shi ne Joseph Moxon, mutumin da ya yi sana'arsa a Landan, ya rayu daga 1627 zuwa 1691. Aikinsa ɗab'i ne da zana taswira, har Sarki Charles na II ya naɗa shi masanin taswirar teku na fada. Wajen 1678 ya fara fitar da bayanin sana'o'in hannu kashi-kashi, aka tattara su daga baya a littafi mai suna *Mechanick Exercises*, wanda shi ne na farko da Ingilishi da ya tsaya ya bayyana aikin kafinta dalla-dalla, da zane da harafi a kan kowane sashe na kayan aiki.

Amfaninsa ga mai bin asalin kalma shi ne yana tsayar da lokaci. Idan kalma ta fito a wurin Moxon, to tana bakin masu sana'a a Landan kafin 1680, kuma duk bayanin da ya jingina ta ga abin da ya zo daga baya ya rushe. A zanensa na filen ya lissafa *tote*, *mouth*, *wedge* (guntun katakon da ke matse ruwan filen), *iron*, *sole* da *stock* (gangar jikin filen), sai kuma *britch*, wato ɗuwawu, ga ƙarshen filen na baya. Duk suna nan har yau ban da na ƙarshen, wanda diddige ya maye gurbinsa. Babu kwaɗo a jerin, kuma amsar da ta shafi kwaɗon ta bayyana dalili.

Me ya sa filen yake da baki da maƙogwaro da kumatu kamar mai rai?

Saboda ci yake yi yana fitarwa. Tsagar da ke ƙasansa, inda kaifin ruwa yake leƙowa, ita ce *mouth*, baki. Ramin da ke samanta, inda ɓawon katako yake bi ya fito, shi ne *throat*, maƙogwaro. Bangon gefe biyu kuma *cheeks*, kumatu. Idan aka dube shi a matsayin ƙafa, gabansa *toe* ne, yatsa, bayansa *heel*, diddige, ƙasansa kuma *sole*, tafin ƙafa, daga Latin *solea*, takalmi faɗe. Ba a damu ba cewa baki ya faɗo a tsakiyar tafin ƙafa, domin kowane suna daga kallo dabam ya zo.

Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda shi ma yana cewa bakin gatari da haƙoran zarto da kan ƙusa. Abin lura shi ne kowace al'umma da abin da idonta ya fara gani. Jamusawa sun ce *Maul*, bakin dabba, suka kuma kira mariƙin gaba na filen ɗinsu *Nase*, hanci. Faransawa kuwa suna kiran tsagar nan *lumière*, haske, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga filen sama ya hango siririn hasken da ke ratsowa gaban kaifi, domin ya auna ko bakin ya yi faɗi da yawa, zai yarda cewa sunan nasu ya fi kowanne kusa da aikin.

Mene ne kwaɗo a filen, kuma me ya haɗa shi da kwaɗo?

*Frog* shi ne guntun ƙarfen zubi mai gangara da ake ɗaurewa da sukuru biyu a cikin filen na ƙarfe, wanda ruwa yake kwanciya a kansa, galibi a digiri 45. A jikinsa ne dunƙulen tagulla mai sarrafa zurfin yanka yake, tare da siririn hannun da ke karkata ruwa hagu ko dama. Filen na katako ba shi da shi, domin a can an sassaƙa gangarar ne a jikin katakon kansa, ana ce mata *bed*, gado. Kwaɗo ya zo ne da filen na ƙarfe a ƙarni na 19, musamman ƙirar Leonard Bailey na Boston, wadda kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Connecticut ya sayi haƙƙinta a 1869 ya baza ta duniya. Amfanin rabuwarsa da gangar jiki shi ne ana iya tura shi gaba a tsuke baki idan katako mai gardama ne, ko a ja shi baya a buɗe don aski mai kauri.

Bayani uku ake ji kan sunan. Na farko, idan aka cire shi aka ajiye a tebur yana kama da kwaɗon da ya tsuguna zai yi tsalle, kuma lalle akwai kamar. Na biyu, Turawa suna ce wa mai shaƙaƙƙiyar murya yana da kwaɗo a maƙogwaro, shi kuma wannan ƙarfe a bayan maƙogwaron filen yake. Wannan ya fi kama da raha da aka ƙirƙira bayan sunan ya riga ya zauna. Na uku shi ne mafi ƙarfi a ganina, wato Ingilishi ya daɗe yana kiran abubuwa masu siffar weji, wato masu faɗi a baya da tsini a gaba, da wannan suna. Naman nan mai kusurwa uku da ke ƙarƙashin kofaton doki *frog* ne tun farkon ƙarni na 17, kuma Sifaniyawa ma suna ce masa *ranilla*, ɗan kwaɗo. Mahaɗar layin dogo inda ƙarfe biyu suke gicciye juna *frog* ce. Guntun da ke riƙe izgar bakan gogen Turawa haka ake kiransa, Jamusawa ma *Frosch* suke cewa. Mafi kusa da namu kuwa, a garmar da doki ko sa yake ja, ƙarfen tsakiya wanda ake ɗaure ruwa da sauran sassa a jikinsa shi ma *frog* ne, kuma aikinsa bai bambanta da na filen ba.

Masana ba su tsayar da guda cikin ukun ba, amma maƙeran arewa maso gabashin Amurka na wancan zamani mutane ne da suka san kofato da garma da layin dogo, saboda haka kalmar tana bakinsu tun kafin su buƙace ta.

Ana kiran mariƙin baya *tote*. Don da shi ake ɗaukar filen ne?

Haka mafi yawan Amurkawa suke zato, saboda a Ingilishinsu *tote* na nufin ɗauka ko dako. Tarihin kalmar bai gaskata su ba. Wadda ke nufin ɗauka ta fara bayyana a rubuce a Virginia ta Amurka wajen 1677, kuma wasu masana suna ganin bayin da aka kai daga Afirka ne suka zo da ita, suna kwatanta ta da *tota* ta harshen Kikongo da *tuta* ta Kimbundu. A daidai wannan lokaci Moxon yana Landan yana rubuta *tote* a matsayin sunan da kowane kafinta ya riga ya sani. Da wuya kalmar da take tsirowa a gonakin taba na wancan gefen teku ta shiga shagunan Landan ta zauna cikin shekara guda.

Asalin da manyan ƙamusoshi suka fi karkata gare shi shi ne tsohuwar kalmar *totian*, leƙowa ko tsirowa waje. Idan aka dubi tsohon filen na katako za a ga dalili: dogon dunƙule ne mai kusurwa huɗu, mariƙin kuma ya tsiro daga gadon bayansa kamar ƙaho. A wasu tsofaffin littattafai ana rubuta ta *toat*.

To ta yaya za a bambance bayanin gaskiya da shaci-faɗi?

Ma'auni na farko shi ne wanda aka yi aiki da shi a amsar da ta gabata: a nemi lokacin da kalmar ta fara bayyana a rubuce, a kuma duba yadda aka rubuta ta a lokacin, domin tsohon rubutu yakan tona abin da sabon ya rufe, kamar yadda za a gani a kan *ferrule* da *auger*. Sannan a duba ko harsunan maƙwabta suna da kalma mai kama da ita a kan abu guda. A kuma yi hattara da bayanin da ya cika daɗi, wanda ya dace da sautin kalmar na yau cif-cif, domin kalmar da ta yi shekara 600 a bakin mutane da wuya ta iso da kamanninta na farko. Tsufan mai bayani ma ba hujja ba ne, tunda Moxon kansa ya kauce a kan *firmer*, sunan wani cizal da za a zo kansa a ƙasa, alhali daga bakin masu sana'ar ya ji kalmar.

Me ya sa ake kiran ruwan filen *iron*, baƙin ƙarfe, alhali ƙarfe mai tauri ne?

Domin da can haka yake. Ƙarfe mai tauri wanda ke riƙe kaifi abu ne mai tsada kafin a iya samar da shi da yawa a tsakiyar ƙarni na 19, saboda haka maƙeri yakan yi gangar ruwan da baƙin ƙarfe mai laushi, sannan ya liƙa siririn mai tauri a bakin kawai, ta hanyar gasa su a wuta da dukan su tare har su haɗe. Wanda ya samu tsohon ruwa ƙirar garin Sheffield na Ingila ya wasa shi zai ga layin da ya raba ƙarafan biyu a kan gangarar kaifi. Dabarar ta wuce, sunan ya tsaya. Faransawa ma *fer* suke cewa, Jamusawa *Eisen*, duk ma'ana ɗaya.

Ƙarfe na biyu da ake ɗaurawa a saman ruwa ana ce masa *cap iron*, ƙarfen hula, ko *chipbreaker*, mai karya ɓawo. Na ƙarshen ne ya faɗi aikinsa, wato lanƙwasa ɓawon da zarar ya tashi don kada ya tsage gaba ya ɓantari fuskar katako. Babu shi a wurin Moxon. A ƙarni na 18 ya bayyana, kuma a 1767 wani mai yin filen a Filadelfiya ta Amurka, Samuel Carruthers, ya yi tallarsa a jarida.

Wane ne Jack ɗin da ke cikin sunan jakfilen?

Ba wani mutum ba ne takamaimai. A Ingila ta da, Jack suna ne da ake kiran kowane talaka ko bara ko yaron aiki da shi. Daga nan aka riƙa laƙaba shi ga duk abin da ya ɗauke wa mutum wahalar da bara zai yi: abin cire dogon takalmi, abin juya nama a kan wuta, da jak ɗin da muke ɗaga mota da shi, wanda sunansa ya iso Hausa ta wannan hanya. Jakfilen shi ne baran sauran, shi ke fara shiga ɗanyen katako mai kaushi ya kwashe mafi yawan abin da za a kwashe. A lambobin Stanley shi ne lamba 5, tsawonsa inci 14.

Moxon ya nuna cewa a zamaninsa abu ɗaya ne da *fore plane*: masu aikin katakon gini suna cewa *jack*, masu haɗa ƙofa da taga suna cewa *fore*, na gaba, domin da shi ake farawa kafin sauran. Daga baya sunayen suka rabu, *fore* ya koma kan lamba 6 mai inci 18. Lamba 7 mai inci 22 shi ne *jointer*, mai daidaita gefen alluna biyu da za a haɗa, a Ingila kuma ana ce wa dogon filen *try plane*. *Try* a nan tana ɗauke da tsohuwar ma'anarta ta gwadawa da tantancewa, daga Faransanci *trier*, ita ce kuma a cikin *try square*, sikwayar da ake gwada kusurwa da ita.

Akwai zomo a *rabbet plane*? Haƙorin tsohuwa fa?

Babu zomo. *Rabbet* ita ce 'yar matakalar da ake yankewa a gefen allo, irin wadda gilashi ke zama a cikinta a taga, kuma ta fito daga tsohon Faransanci *rabat*, daga *rabattre*, a doke abu ya yi ƙasa. Kamarta da *rabbit*, zomo, haɗuwar sauti ce kawai. Amurkawa sun riƙe tsohon rubutun, mutanen Ingila suka koma rubuta *rebate*.

Haƙorin tsohuwa kuwa, *old woman's tooth*, kwatance ne kai tsaye, ko da yake babu ladabi a cikinsa: guntun katako ne mai faɗi da siririn ruwa guda ɗaya tak da ya tsiro daga ƙasansa, ana share gindin rami da shi har zurfinsa ya zama ɗaya. Sunansa na littafi *router*, daga *rout*, tonon da alade ke yi da hanci, kuma injin lantarkin da kafintocin zamani ke fitar da ado da shi daga nan ya gaji suna.

Me *tang*, *bolster* da *ferrule* suke nufi a jikin cizal?

*Tang* shi ne tsinin da ke shiga cikin ƙota, kuma gado ne daga mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, waɗanda *tangi* a harshensu tsini ne. *Bolster* ita ce kafaɗar ƙarfe da ke tsakanin tsinin da ruwa, wadda ƙota take tokara da ita don kada dukan guduma ya cusa tsinin ya tsaga itacen. A tsohon Ingilishi matashin kai take nufi, har yau ma ana kiran dogon matashi da ita. Ƙota ce ta ta da kai da shi.

*Ferrule*, zoben da ke ɗaure bakin ƙota, ita ce ta fi kowace nuna yadda kalma ke ruɗin masu ita. Kowa yana hango Latin *ferrum*, baƙin ƙarfe, a cikinta, alhali zoben galibi na tagulla ne. Tsohon rubutunta *verrel* ne, daga Faransanci *virelle* ko *virole*, daga Latin *viriola*, 'yar munduwa. A ƙarni na 17 rubutun ya karkata zuwa *ferrum* bisa zaton daga can ta fito, kuma a haka ya zauna. Munduwa ce dai aka sa wa ƙota a wuya.

Shin *firmer chisel* ya fi sauran ƙarfi ne, shi ya sa ake kiransa haka?

A Ingilishin yau *firmer* na nufin wanda ya fi ƙarfi, kuma da yake cizal ɗin mai kauri ne, gefensa a tsaye ba a fere shi ba, bayanin ya zauna daram a zukatan mutane. Amma kalmar Faransanci ce, *fermoir*, wadda ita ma sauyi ce daga *formoir*, abin ba da siffa. Moxon ya rubuta ta *former*, wanda ya fi kusa da asali, sai dai ya ɗauke ta da ɗaya ma'anar kalmar, wato na farko, ya ce ana kiransa haka ne domin da shi ake farawa kafin cizal ɗin gyara, kamar yadda ake farawa da *fore plane*. Ke nan kalma ɗaya ta samu bayanin kuskure biyu a zamani biyu, kowanne kuma ya yi daidai da yadda ake amfani da kayan aikin, abin da ya sa ba a yi saurin gano su ba.

A zarto kuma, mene ne *kerf*, *gullet* da *fleam*?

*Kerf* ita ce tsagar da zarto ke bari a katako, daga tsohon Ingilishi *cyrf*, yanka, 'yar'uwar *carve*, sassaƙa. Tana cikin irin kalmomin da aka ambata a amsar farko, waɗanda suka ɓace daga maganar yau da kullum suka saura a shago. Faɗinta ya fi kaurin ruwan zarto saboda ana karkatar da haƙora, ɗaya hagu ɗaya dama, don kada ruwan ya maƙale. *Gullet*, kwarin da ke tsakanin haƙori da haƙori inda garin katako ke taruwa, maƙoshi ne, daga Latin *gula*.

*Fleam* ta fi su nisan tafiya. Ita ce gangarar da ake ba gefen haƙori da magagari a zarton da ke yanka katako a gicciye, don haƙorin ya zama kamar wuƙa ya datse jijiyoyin itace. Zarton tsaga a tsaye ba ya buƙatarta, domin haƙoransa kamar ƙananan cizal suke aiki. Asalinta sunan 'yar wuƙar da masu maganin dabbobi ke tsaga jijiyar doki da ita don fitar da jini, mai tsini kusurwa uku, kusan aikin 'yar tsagar wanzami. Ta zo ta Faransanci *flieme* daga Girkanci *phlebotomon*, mai yanka jijiya. Haƙorin da aka wasa gefensa biyu ya yi kama da wannan tsini, sai ya ɗauki sunan.

Ɗan ƙullutun da ke bayan tsohon zarto, kusa da ƙarshe, mene ne amfaninsa?

Sunansa *nib*, wani lafazi na *neb*, bakin tsuntsu, kalmar da ake kiran bakin alƙalami da ita. An yi ta gardama a kan amfaninsa: wasu sun ce da shi ake fara tsaga, wasu sun ce a nan ake ɗaure zaren da ke riƙe marufin haƙora, wasu sun ce da shi maƙeri ke gwada taurin ƙarfe. Kamfanin Disston na Filadelfiya, wanda Henry Disston ya kafa a 1840 har ya zama mafi girman masu yin zarto a duniya, ya bayyana a littafin jagorarsa cewa ba shi da wani amfani, ado ne kawai da ke karya miƙaƙƙen layin bayan zarto. Zarton nan mai lanƙwasasshen baya da Disston ya fitar a 1874 ba shi da ƙullutun.

Gaskiya ne *auger*, mahujin katako, ya yi asarar harafi?

Gaskiya ne. A tsohon Ingilishi sunansa *nafogar*: *nafu*, tsakiyar ƙafar keken doki, da *gar*, mashi. Mashin huda tsakiyar ƙafa ke nan, kuma *nafu* 'yar'uwar *navel* ce, cibiya, yadda Hausa ma take kiran tsakiyar abu cibiyarsa. Kalmar ta koma *nauger*, sai kunnen mutane ya raba *a nauger* a wurin da ba daidai ba ya zama *an auger*, harafin n ya manne da kalmar da ta gabace shi. Haka ya faru da *apron*, ƙyallen kare tufafi wurin aiki, da *adder*, wani irin maciji. Hausa ta yi kishiyar wannan da kalmomin Larabci, inda ta haɗiye al- ta mayar da ita cikin kalma, kamar a almakashi da alƙalami.

*Brace*, ƙarfen nan mai gwiwa da ake juya mahuji da shi, daga tsohon Faransanci take, ma'anarta hannuwa biyu, kuma kayan aikin ya fara bayyana a zane-zanen ƙasar Flanders, a yankin Beljiyam ta yanzu, wajen 1425. *Bit* daga *bite* take, cizo, wato sashen da ke cizon katako. A bakinsa akwai *spurs*, ƙaimi, masu shata da'ira, da *lips*, leɓɓa, masu ɗaga abin da aka shata. Idan aka haɗa *auger* da *spokeshave*, abin aske sandunan ƙafar keke, da kalmar kafinta da aka yi bayani a sama, za a ga irin gadon da masu yin keken doki suka bar wa sana'ar.

Kare da bara a kan teburin aiki fa?

*Bench dog* ɗan turke ne da ake cusawa a ramin tebur ya tokare allo, kuma Ingilishi ya daɗe yana kiran duk ƙarfen da ke damƙe abu ya ƙi saki da sunan kare. Ƙugiyar ƙarfe da ake bugawa a ramin ta danne allo Faransawa suna ce mata *valet*, bara, Jamusawa kuma suna kiran matokarin da ke tallafe dogon allo *Bankknecht*, baran tebur, tunani ɗaya da na Jack. *Vice*, mamatsin da ke gefen tebur, daga Faransanci *vis* yake, sukuru, daga Latin *vitis*, kurangar inabi, saboda yadda take murɗewa. Bai haɗa asali da *vice* mai nufin mugun hali ba, Amurkawa ma *vise* suke rubuta shi.

Waɗanne sunaye ne na mutane ko na garuruwa?

Gangarar kwaɗo da ta kai digiri 50 maimakon 45, wadda ake so don katako mai tauri, ana ce mata *York pitch*, da sunan birnin York. Guduma mai faffaɗan tsini a baya, da ake fara buga ƙananan ƙusoshi da ita, Warrington ce, sunan wani gari tsakanin Liverpool da Manchester. Mahujin Jennings na Russell Jennings ne, wanda ya yi rajistarsa a 1855, Forstner kuma na Benjamin Forstner ne, mai ƙera bindiga a jihar Oregon. *Gent's saw*, ɗan ƙaramin zarto mai zagayayyen mariƙi, gajarcewa ce ta *gentleman's*, domin an yi shi ne don masu hali da ke aikin katako don sha'awa.

Sunan da aka fi gani shi ne BAILEY da ke zube a gaban filen na Stanley, wanda mutane da yawa suke ɗauka sunan samfuri ne kawai. Leonard Bailey ne da aka ambata a amsar kwaɗo. Ya ɓata da kamfanin a 1875 ya koma yin nasa mai suna Victor, daga baya Stanley ya sayi Victor ɗin shi ma, kuma sai a 1902, shekara uku kafin rasuwarsa, aka fara zuba sunansa a jikin filen. Da kamfanin Record na Sheffield ya fara yin irin wannan ƙira a 1931, ya ɗauki lambobin Stanley ya ƙara musu sifili a gaba, 04 da 05 da 07, sauran masu kwaikwayo kuma suka bi, shi ya sa filen ɗin da aka ƙera a Indiya ko Sin yake zuwa kasuwa yau da lamba 4 ko 5 a jikinsa.